Tarko Na Talatin

Shekarar da aka yi ta cacar baki a talabijin kan ko ya dace a bai wa ƙasar da aka mamaye bam mai 'ya'ya, ni ma na yi nawa yaƙin a gidanmu na haya da ke unguwar Hulme, a ƙasar Turawa.

Ƙanin matata, mai karatun digiri na uku a Birmingham, shi ne abokin musuna. Ya yi mini bayani a waya cewa bam ɗin a sama yake fashewa, ya watsa ƙanana birjik, waɗansu su ƙi tashi, su kwanta cikin gona shekara da shekaru suna jiran ƙafar manomi ko hannun yaro.

Na ce, "Dakta, boko ya yi maka yawa. Wanda aka shigar masa gida, ko tukunyar miya ya samu ya jefa!"

"To Yaya, in an gama yaƙin wa zai tsince?"

"A ci yaƙin tukuna."

Ba a yi mako ba ɓera ya mamaye mu. Ɓeran nan, na rantse, da za a ɗaura masa sirdi sai ya kai ni har unguwar Fallowfield. Na sayo tarko talatin, na ɗana wa kowanne gutsuren ƙuli-ƙuli, na watsa su ko'ina: bayan firji, ƙarƙashin kujeru, cikin takalma. Uwargida ta ce in rubuta inda na sa kowanne. Na ce janar ba ya riƙe biro a fagen fama.

Kwana biyu ɓera ya faɗa. Na buga waya Birmingham na yi kirari.

Daga nan tarkuna suka juyo kanmu. Ɗaya ya cafke babban yatsana ina neman silifas, na yi ihun da maƙwabciyarmu Baturiya ta leƙo tana tambaya ko haihuwa ake yi. Wani ya kama uwargida cikin buhun shinkafa, kwana uku ba ta ce mini sannu ba.

Sai ga saƙo: Dakta zai taso daga Ladywood, unguwarsu a Birmingham, ranar Asabar da iyalinsa, har da 'yarsu mai rarrafe, wadda ba abin da take gani ba ta kai baki ba.

Uwargida ta miƙo mini muciya. "Janar, talatin ka ɗana, talatin za ka kawo mini."

Na kwana biyu ina jan ciki, ga tumbi, ina zungurar kowane lungu. Ashirin da tara na samu.

Suka iso, aka ajiye yarinya a kan kafet, ni kuwa ina bin ta a baya kamar dogari, gumi na zuba.

Dakta ya ce, "Yaya, lafiya? Ko kai ma rarrafen kake koyo?"

Sai na hango yarinyar ta nufi bayan labule, inda wani abu ke ƙyalli. Na yi tsalle irin na mai tsaron gida, na riga ta kai hannu. Ƙas! Yarinya ta tuntsire da dariya, har da tafi.

Na zauna ina kallon 'yan yatsunta, ga nawa kuma, kauri kamar rogo, ya riga ya yi jini. Wasa ya fice mini daga baki.

Da ya ji labari, Dakta ya ce, "To Yaya, wa zai tsince?"

Na ɗaga hannu, tarkon na lilo. Na ce, "Ka ci musu. Zo ka cire mini."