Shaidun Aurena Ba Sa Iya Shiga Kotu

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan mujalla, ko wata za ta karanta ta tsira daga abin da ni ban tsira ba.

A lokacin da abin ya fara, ni budurwa ce mai sana'ar lalle a Nakkasa, unguwar da ke maƙale a jikin duwatsun Makka, inda gidaje suka hau kan juna kamar jeren kwanukan amarya. Ina ƙarama mahaifiyata ta zo da ni Umra daga Kano, ba mu koma ba, don haka na girma ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Wannan bai taɓa damuna ba, domin rabin maƙwabtanmu haka suke. Abin da ya cika mini kai shi ne littattafan soyayya da alhazai ke bari idan za su tafi. Na karanta su har bangonsu ya mutu, na kuma yarda da zuciya ɗaya cewa idan mutum biyu suna son juna, duniya kan kauce ta ba su hanya.

Shi kuwa direban bas ne, ɗan ƙasa, jikan Hausawan da suka zo Hajji da ƙafa tun zamanin da. Ƙanwarsa ya kawo in yi mata lalle, ya tsaya a bakin ƙofa yana tsokanata da gurguwar Hausarsa, wai furen da na zana ya fi kama da tayar mota. Da ya dawo ɗaukarta sai ya ce yana so a zana masa irin tayar a zuciya. Na ji kamar daga cikin littafi ya fito. Ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da izinin hukuma, ni kuma ba ni da abin da zan nuna a nemi izinin, sai aka kai maganar gaban dattijon unguwa.

Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai gane girman wannan zama ba. Bayan La'asar ake shimfiɗa darduma a gefen ƙaramin masallaci, a nan ake ɗaura aure, a nan ake raba shi, a nan ake sasanta rigimar tankin ruwa da ta gado. Ba a rubuta komai. Mutum biyu su ce sun shaida, a shafa fatiha, magana ta zauna daram. Shaidun aurena biyu ne: wani tsoho Basakkwace mai tura keken marasa ƙarfi a Harami, da wani mai shayi ɗan Damagaram. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ce in matsa wa mijina ya nemi takarda tun amarci bai huce ba. Na ce mata ni ba zan tambayi masoyina hatimi ba kamar mai sayen fili. Ta dube ni ta ce to, uwar soyayya, Allah ya sa alƙali ma ya karanta littafin.

Na haifi 'yata a ɗaki, a hannun ungozoma. Mijina yana sonta kamar ransa, kullum yana cewa da an gama aikin Hajjin bana zai nemi muhami, wato lauya, a gyara komai. Hajji ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Sai muka wayi gari an shafa jan fenti a bangon gidajen da ke ƙasan dutse, alamar rusau. Tun daga nan kullum ƙarar katafila tana ƙara matsowa sama, ƙura tana sauka cikin abincinmu. A cikin wannan hali ne mijina ya tafi jigilar alhazai, ya yi haɗari a hanyar dawowa daga Muzdalifa. Na yi takaba ina jin bangon maƙwabta yana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Da na fita takaba aka kira zama a kan yarinyar, domin ta kusa isa makaranta kuma ba ta da ko takardar haihuwa. Yayan mijina, da muke kira Yaya, ya zo, mutum mai kamala, ma'aikacin gwamnati. Ina bayan labule ina ji. Shaidun nan biyu suka tabbatar da auren, har mai shayi ya yi barkwanci cewa ango bai biya shi kuɗin shayin ranar ba, aka yi dariya. Sannan dattijo ya yanke: Yaya zai san yadda zai yi a rubuta yarinyar cikin 'ya'yansa, shi da matarsa, ta sami makaranta da asibiti, amma kowa ya shaida ni ce uwa, kuma ba mai raba mu. Na yi ƙarfin hali na tambaya ko ba za a fara jin ta bakin mahkama ba, wato kotun gwamnati. Dattijo ya kira ni 'yar nan, ya ce wanda ya shiga mahkama ba takarda, ƙofar fitarsa filin jirgi take kallo. Yaya ya dafa ƙirji ya ce amana ce ya ɗauka. Na ga hawaye a idonsa, sai na ji a raina ai irin wannan mutumin ne ke zuwa ya ceci marainiya a ƙarshen labari. Na amince. Wannan ce ranar ƙarshe da na ga shaiduna biyu a wuri ɗaya.

Aka rushe layinmu, kowa ya kama gabansa. Na sami ɗaki a wata unguwa da ake kira Ka'akiyya. Da farko yarinyar tana kwana gidan Yaya ranakun makaranta kawai, daga baya aka ce zirga-zirgar tana gajiyar da ita. Matar Yaya ta roƙe ni, cikin ladabi ƙwarai, cewa a gaban mutane yarinyar ta riƙa kirana Khala, wato 'yar'uwar uwa, domin malamai suna da yawan tambaya. Na ce ba komai. Wata Juma'a muna zaune mu biyu ni da 'yata, ba kowa a ɗakin, ina taje mata kai, ta ce Khala ki yi a hankali da zafi. Na sassauta hannu, na ci gaba da tajewa.

Ban san inda ake neman lauya ba, kuma ina tsoron tambaya. Allah ne ya kawo mini ita har gaban tabarmata. A wani gidan biki na yi wa yayar amarya lalle, aka ce mini lauya ce, jinin Hausawa. Da na ga hannuwanta biyu sun jiƙe ba ta da halin tashi, na sunkuyar da kai na zayyana mata komai. Ta kira ni habibti, wato abar ƙaunata, ta ce me ya sa ban zo ba tun ranar da aka yi rasuwar. Ta ce kotu tana da hanyar tabbatar da aure da nasabar yaro ko da ba a rubuta ba. Hanya ce mai ƙunci, ba ta yi mini alkawarin komai ba, mai yiwuwa ma a hukunta ni kan zamana, amma hanya ce, kuma akwai masu taimaka wa marasa hali a kanta kyauta. Ta ce abu na farko da alƙali zai tambaya shi ne shaidu. Ina suke?

Na shiga nema. Dattijon unguwa ya rasu. Mai shayi an kama shi a wani samame an mayar da shi ƙasarsu, ba wanda ya san garin da ya sauka. Tsoho Basakkwace na same shi da ƙyar, a wani ɗaki bayan rumbun ajiyar kaya. Ya gane ni nan take, ya tuna har sadakina. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai fuskarsa ta canza. Ya ce ɗiyata, in gaban dattawa ne ko yanzu ya ɗauki sandarsa, amma a ƙofar mahkama katin shaida ake fara tambaya kafin suna, shi kuma ba ya da shi, kuma burinsa kaɗai a duniya a binne shi a Makka. Ya ce in yafe masa. Na kalli ƙafafunsa da suka kumbura saboda turin keke, na yi masa sallama na fito.

Da na koma wurin lauyar sai ta ƙarasa mini sauran. Ta ce gwajin jini zai nuna ni na haife ta, amma ranar da ya nuna, ranar zai nuna Yaya ya yi wa hukuma ƙarya. Shi zai shiga hannu, yarinyar kuma tana iya rasa sunan da take shiga makaranta da asibiti da shi, ba tare da ta sami na ubanta ba. Ta ce ta faɗa mini gaskiya, zaɓi nawa ne. Na zaɓi yin shiru.

Yanzu an yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa wani birni a gabashin ƙasar, bayan Sallah za su tashi. Tsakanina da can akwai shingayen bincike da ba zan iya wucewa ba. Ya ce zai riƙa kawo ta hutu, kuma na san da gaske yake, kamar yadda duk wanda ya yi mini alkawari a rayuwata da gaske yake.

Ba na zargin dattawanmu. Sun yi hukunci da abin da ke hannunsu, kuma sun rufa wa dubbai asiri. Amma na gane cewa muna rayuwa ne a ƙarƙashin hukunci biyu, ɗaya ya san fuskarmu, ɗaya kuma shi ke da iko da makomar 'ya'yanmu, kuma na farkon ƙarfinsa yana ƙarewa ranar da unguwa ta watse. 'Yan'uwana mata, a nan ko a gida, duk inda ake da zaman dattawa da kotun gwamnati, ku girmama manya, amma kafin ku ce kun amince da abin da ya shafi ɗanku, ku nemi wanda ya san dokar ɗaya ɓangaren ku tambaye shi. Tambayar lauya ba miƙa kai ba ce. Ku yi ta tun masu shaidarku suna raye, suna kusa, kuma ku duba ko za su iya tsayawa inda za a buƙace su.

Jiya matar Yaya ta aiko in zo in taya ta haɗa kayan yarinyar, wai na fi kowa sanin waɗanda suka yi mata kaɗan. Gobe zan je in ninke su.