Tsohuwar da ta shigar da ni tsakiyar gandu

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da wata tsohuwa mai daddawa ta hana ni aika rahoton ƙarya ba.

Lokacin ina sabon malamin daji, bayan shekarun fari, aka ba ni tsaron wani gandun daji a wajen Dayi. Shugabanmu a Malumfashi ya ce in rubuto masa ko dokar hana sare itatuwa tana aiki. Ni kuwa ma'aunina ɗaya ne: kullum ina zagaya bakin gandun a keke, itatuwa suna tsaye, ban taɓa kama kowa da gatari ba. Sai na rubuta cewa doka ta zauna daram. Ƙuruciya ke nan.

Ran kasuwa na tsaya sayen daddawa, na yi ƙorafin ta ƙanƙance. Tsohuwar ta dube ni.

"Ɗana, kalwa ce babu. Kai da ke tsaron gandu, ka taɓa shiga cikinsa?"

"Iya, ke yaya aka yi kika san cikinsa? Ai an hana shiga."

Ta ce, "Ina shiga roron ɗorawa. In kamu ne ka kama ni, amma ka fara zuwa ka gani."

Washegari da hantsi ta shige gaba da sandarta. Ba mu yi nisa ba inuwa ta ƙare. Ko'ina kututture ne, na ɗorawa, na kaɗanya, ga ramukan gawayi, rafin da ya ratsa gandun ya koma yashi. Ashe masu saran sun bar itatuwan bakin hanya ne don su rufe mini ido.

"Da, a nan ƙudan zuma kan hana ka jin maganar na kusa da kai," in ji ta.

Na zauna a kan kututture, kunya ta hana ni ɗago kai.

Na yaga rahoton, na rubuta abin da na gani. Shugabanmu ya yi faɗa, amma ya zo ya duba da kansa. Aka ƙaro masu gadi, aka bar mata su riƙa roron 'ya'yan itace, su kuwa suka zama idonmu. Kafin a canza mini wurin aiki, kututturan sun fara toho.

Ta sa kanta a haɗari don dajin da ni ake biya in tsare. Har gobe ina yi mata addu'a. Ita ta koya mini cewa in kana son sanin ko doka tana aiki, ka sauka daga keke, ka shiga ciki, ka ga abin da ya rage da rai.