'Yata a Ragar Ƙanƙara

Na san shatin duka, ba wanda zai koya mini shi. Tun ina ƙarama nake aiki a gidajen mutane a Jidda. A wani gida uwar ɗakina ta kwaɗa mini taɓaryar gahawa a gefen kai don na fasa kofi, kunnena na hagu bai sake ji ba har yau. Ban kai ƙara ba, a lokacin ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita. Na wanke jinin na ƙarasa wanke-wanke. Amma ranar da na haifi 'yata na yi wa Allah alkawari: wannan, muddin ina numfashi, ba mai dukanta.

Ubanta ya rasu tana rarrafe. Ni na rene ta a ɗaki ɗaya a Hindawiyya, da wankau da sayar da gyaɗa a bakin titi. Ta yi karatu, takardunta suka gyaru, ta sami aiki a shagon turare cikin wani babban mol, kasuwar zamani, a unguwar Safa. Hausa tana ji sarai, amma in za ta amsa rabin maganar Larabci ne.

Wata safiya tana canza riga na ga abin. Ƙasan wuyanta, inda ƙashi ya fito, wurin ya kumbura ya yi baƙi, zagaye kamar gindin kofin shayi.

Na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Ta ce, "Faɗuwa na yi, Umma."

"A kan me?"

"A wurin aiki. Halas, Umma, ba komai."

Faɗuwa gwiwa take ci da tafin hannu. Ba ta barin zagaye a wuya. Na sa ido. Bayan kwana biyu na ga wani a cinya, ta ciki. Daga baya wani a damtse. Wata rana da ƙyar ta sunkuya a salla. Abin da ya ruɗa ni, tana cin abinci kamar lebura, tana dariya ita kaɗai a gaban waya. Ni da aka daka ban taɓa cin abinci haka ba. Duk da haka na ce a raina mai shagon ne. Wa kuma?

Ranar wata Alhamis ta ce za ta daɗe a wurin aiki. Na yi sallar Magariba, na sa abaya, na jefa ƙaramar taɓaryata cikin jaka, na tari mota zuwa Safa. Ban shirya magana ba. Ban saba da magana mai tsawo ba.

Mai shagon da na tarar wani tsoho ne siriri, yana rawar hannu, carbi ma da ƙyar yake ja. Na dube shi na san wannan ko ƙuda ba zai iya kashewa ba. Abokiyar aikin 'yata, wata Bahaushiyar Sudan mai yawan fara'a, ta gane ni, ta kira ni Hala, wato inna.

Ta ce, "Hala, marhaban! Ai tana sama. Ba ta gayyace ki ba? Yau daren kowa da kowa ne, shiga kyauta."

Na ce, "Sama wurin wa?"

"Wurin ƙanƙara mana. Hau matakalar can har ƙarshe."

Na hau. Tun kafin in isa sanyi ya shiga ƙashina. Ni ƙanƙara saye nake yi, ɗan guntu, in naɗe shi da tsumma in ruga gida kafin rana ta shanye shi. A nan an shimfiɗa ta a ƙasa, fili guda ya fi tsakar masallacin unguwarmu, an kewaye shi da gilashi, mutane na tattaka ta. A Jidda! Na tsaya baki buɗe. 'Yan mata ne a ciki, kowace da hular kwano da doguwar sanda mai lanƙwasa, a ƙasan takalminta wuƙa. Suna gudu kamar an koro su, suna bangazar juna, suna rububin wani baƙin dunƙulen roba. Wani yaro ya ce mini sunan wasan hoki.

Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ban ga tawa ba. Can ƙarshen fili akwai ƙaramar raga, a gabanta wani abu na tsaye kamar buhuna da aka ɗaɗɗaure, fuskarsa cikin kejin ƙarfe. Ban ɗauka mutum ba ne sai da ya karkata kai gefe. Haka ubanta yake yi in yana jiran magana.

Wata doguwar yarinya ta taho a guje, ta ɗaga sanda har sama da kafaɗa, ta maka wa dunƙulen. Ban ga tafiyarsa ba, ƙararsa kawai na ji a ƙirjin 'yata, da kunne ɗaya ma na ji ta. Ta yi baya, ta durƙusa. Sai wurin ya ɗauki tafi. Maza da mata, da masu jarirai a hannu, suna tafi ana jifar 'yata.

Ban san lokacin da na ture mai gadin ƙofar ba. Na taka ƙanƙarar da silifas. Taki na farko na yi, na biyu ƙasa ta gudu ta bar ni, na faɗi zaune. Jakar ta buɗe, taɓaryar ta fita tana sulɓi ita kaɗai har tsakiyar fili. Aka busa usur, kowa ya tsaya. Buhunan nan suka taho kaina, suka ɗaga kejin.

"Umma! Me kike yi a nan?"

Na ce, "Ke me kike yi a nan?"

Mata biyu suka ɗaga ni suka zaunar a benci, aka kawo mini shayi a kofin takarda. Wata yarinya ta kawo mini taɓaryar da hannu biyu, tana tambaya da ladabi ko tawa ce. Na karɓa na mayar jaka.

Da yake an riga an tsaya, sai suka yi hutun rabin wasa. Wani mutum ya ɗauki lasifika ya ce wannan wasa na kowa ne, mai shi da marar shi, fari da baƙi, kuma suna alfahari da kowa. Aka kunna fitilu masu launi. Aka jera 'yan wasan don hoto, aka jawo 'yata daga gefe aka sa ta a tsakiya, mai hoton ya ce ta cire hular a ga fuskarta. Ita kaɗai ce baƙa a cikinsu. Na gane dalilin, ba sai an karanta mini ba.

Bayan hoton aka saki yaran da suka zo kyauta su ɗan taka. Na ga 'ya'yan unguwarmu da na Ammariyya, an ara musu takalma, suna riƙe da bango suna faɗuwa suna ƙyalƙyala dariya. Na tambayi matar da ke kusa da ni ko gobe ma haka ne. Ta dube ni ta yi dariya.

Ta ce, "Gobe? Hajiya, gobe ko ƙofar ba za su iya biya ba. Yau kaɗai, sai kuma baɗi."

'Yata ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɓangaren kunnena mai ji. Gumi na zuba mata a cikin wannan sanyi. Ta ce bara a irin wannan daren ta hau ta taka, tun ranar ba ta iya cire abin a ranta ba. Ta tambayi kuɗin kaya, takalmin kaɗai ya fi ƙarfin albashinta. Sauran 'yan matan iyayensu ke sayo musu daga waje. Amma kayan mai tsaron raga na ƙungiya ne, wani namiji ya bari da zai koma ƙasarsu, kuma ba yarinyar da ke son tsayawa a raga. Mai horar da su ta ce in za ta tsaya, ta shiga ba ko sisi.

Na ce, "Wato masu kuɗi su yi jifa, ke a jefe ki."

"Umma, ba jifata suke ba. Raga suke nema, ni nake tarewa."

"Da ƙirjinki."

"Da ko'ina. Yau ba wadda ta wuce ni."

Mai horar da su ta iso, wata Baturiya mai furfura, Larabcinta gutsure-gutsure. Ta dafa ƙirji ta ce 'yata jaruma ce. Na ce wa 'yata ta tambaye ta: suna da kuɗin fitilu da mai hoto, ba su da na abin da zai rufe wa yarinya wuya? Na ji tana sassauta maganar. Na ce, "Faɗa mata yadda na faɗa." Ta faɗa. Fuskar matar ta yi ja. Ta ce fitilun na masu mol ne, na dare ɗaya. Kayan raga daidai jikin mace ta nema, ta sake nema, har yanzu ana ce mata ta jira. Ba ta yi mini kama da maƙaryaciya ba. Ta yi kama da wadda ta gaji.

Na ce, "Cire kayan nan. Yalla, mu tafi."

'Yata ba ta yi musu ba. Ta zare babbar safar hannun ta ajiye a cinya. Sannan ta yi magana da Hausa zalla, ba Larabci ko ɗaya, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Umma, in kin ce in cire zan cire, ban taɓa saɓa miki ba. Amma ba ni da wata ƙofa sai wannan. In na fita yau, na fita ke nan."

Aka busa usur. 'Yan matan suka koma fili, ragar ɓangarensu ba kowa. Duk suka juyo suna kallon bencinmu, har doguwar da ta jefe ta. Na dubi wuyan 'yata, sabon wuri ya riga ya fara tashi kusa da tsohon.

Na ce, "Jeki ki gama na yau."

Na kalli sauran wasan a tsaye, hannuna a jikin gilashi. Amma na ga abu ɗaya da ban gani ba da farko. Ni in an ɗaga mini hannu, sunkuyar da kai nake in runtse ido. Ita in sun taho fitowa take ta tarye su, idonta a buɗe cikin kejin. Sau ɗaya dunƙulen ya shige ta ƙarƙashin ƙafarta, ta bugi ƙanƙarar da sanda don haushi, ta miƙe ta gyara tsayuwa. Ban san wannan yarinyar ba, kuma ni na haife ta. Ban yi tafi ba. Hannuna ya ƙi.

Da aka tashi na ce ta kwaso kayan gaba ɗaya mu tafi da su gida. Baturiyar ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Jakar ta kai girman mutum, direban motar ya yi ta mita saboda wari.

Washegari bayan sallar Juma'a na baje su a tsakar ɗaki na sa ta saka ɗaya bayan ɗaya. Kayan ƙato ne. Na ƙirji yana zamewa ƙasa ya bar wuya a fili. Na ƙafa in ta durƙusa sai su buɗe ta cikin cinya. A damtse audugar ciki ta mutu, saura yadi. Na yi wa kowane wuri alama da gawayi. Na duba ɗakin ban ga abin da zai yi ba sai katifata. Na ɗauko wuƙa na yanke ta daga wajen ƙafa.

"Umma! Katifarki!"

"Yi mini shiru. Miƙo basilla."

Na ninka soson biyu na cusa, na ɗinke da zaren buhu. Na wuya na yi masa riga da tsohon zane don kada ya ci mata fata. Har La'asar muna kai. Ta saka, ta durƙusa, ta miƙe, ta juya kai hagu da dama.

Na ce, "Za ki iya motsi?"

Ta ce, "Ya yi nauyi shuwayya, ɗan kaɗan. Amma zan iya."

Alhamis ta zagayo ta goya jakar za ta fita. Ta tsaya a ƙofa tana jiran in ce wani abu. Ban yi mata fatan nasara ba, don ban yarda da wasan ba, har yau ban yarda ba. Na ce ta ja abin wuyan sama kafin ta shiga.

Tana raga har yanzu. Kayan da Baturiyar ke jira ba su iso ba. Soso kuwa ba ya daɗewa, dunƙulen nan yana kashe shi cikin 'yan watanni, sai in sake yankowa. Yanzu in na kwanta daga gwiwa zuwa ƙasa a kan tabarma nake.