Fitilar Inna

Injiniya bai taɓa son a ce masa mai gyaran lantarki ba, ko da yake da gyaran fanka da dutsen guga ya fara, a wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum biyu a tsaye. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Da ya bi shi, sai ya soma nuna kamar ba ya so.

Basira kam Allah ya ba shi. Ya ƙera tsuntsun tagulla da ke sunkuyar da kai in hadari ya doso gari. Ya yi tulun gilashi mai ɗan dutse a ciki, dutsen ya hau sama in titin kasuwa ya cushe da motoci, ya sauko in hanya ta buɗe. Duk ta intanet suke samun labari, amma babu allo, babu lamba, babu rubutu. A falonsa, wanda ya mayar wurin baje kaya, yakan yi wa masu saye wa'azi: wai kallon waya ya raba mutane da danginsu, shi kuwa ya zo ya mayar da ido inda ya dace. Yana faɗi, wayarsa na hannunsa.

Amma duk kayan falon 'yan rakiya ne. Abin nunawa fitilar Inna ce, wata farar fitila mai kama da kifaffen kwano, tana haske tana lumshewa daidai da bugun zuciyar mahaifiyarsa. Shi ya ɗaura wa Inna baƙin warwaro na roba a hannu, can tsohuwar unguwarsu a ƙetaren gada. Warwaron ya ji bugun, fitilar ta maimaita a nan. Tun ranar da ya ɗaura mata bai sake taka gidan ba.

"Kun ga ta ƙara sauri?" yakan ce wa baƙi, murya ƙasa-ƙasa. "Inna ce ke kai-komo. Tsohuwar nan ba ta zama."

Matan manya su ce Allah sarki, wata har da share ido, sannan su ce a yi musu biyu, ta uwa da ta suruka. Shi kansa in ya kalli fitilar da safe yakan ji ya gaida Inna, ya sauke nauyi.

Ana nan, wata safiya yayarsa ta shigo ba sanarwa, ya tare ta da fara'ar da yake wa masu saye.

"Yaya, zo ki ga Innarki tana motsa jiki."

Ta tsaya, ko jakarta ba ta ajiye ba. "Wace Innar?"

"Inna dai. Dubi yadda take bugawa."

"Auta, Inna tun kafin damina ba ta taka ƙasa ba. Ƙafafun sun kumbura, ni nake juya ta. Wannan zuciyar tela ce."

"Wane tela?"

"Na ƙofar gida. Ta ce abinka yana hana ruwa taɓa mata hannu in tana alwala, ta ba shi ya ajiye maka. Shi kuma ya ɗaura don kada ya ɓata, har caji yake masa. Keken ɗinki yake takawa, kai kana nan kana sa matan mutane kuka."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na kira ka. Ka ce kana ganinta."

Abin da ya fara faɗo masa a rai ba Inna ba ce. Wani mai otal ne da zai zo ranar Asabar ya ga fitilar da idonsa. Ya ji kunyar tunanin, amma kunyar ba ta kori tunanin ba.

Ya bi Yaya suka ƙetare gada. A ƙofar gida ya karɓi warwaron daga hannun tela, ya sa a aljihu, ya shiga. Ɗakin na warin man zafi. Inna na kwance, ta zama 'yar mitsitsiya cikin bargo. Ta kama hannunsa ta jijjiga.

"Auta, ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Ya yi dariya, ya riƙe tsintsiyar hannunta kamar mai lallashi. Yatsunsa na mai sana'a ne, nan take suka nemo jijiyar. Bugun na zuwa a hankali, ya yi tuntuɓe, ya ɓace, ya dawo. Ya hango shi a falonsa: haske mai ɗingishi, fitila mai shirin mutuwa a gaban mai otal. Wa zai sayi wannan ya kai ɗakin baƙi?

Ya zauna har ta yi barci, ya gyara mata bargo. Yaya na bakin ƙofa tana kallon aljihunsa.

A waje tela ya ɗago daga kan keke. "Yallaɓai, ya mai jiki?"

"Da sauƙi." Injiniya ya waiwaya, ya zaro warwaron ya ajiye masa kusa da almakashi. "Ci gaba da ɗaurawa, Malam, ya fi zama a hannunka. Ranar Asabar kana da aiki da yawa?"

"Kayan makaranta ne, har yamma."

"Madalla," in ji Injiniya. "Kada ka huta."