Wadrob ɗin maɗaci

Wautar da ta fi kowace a rayuwata ita ce na yi shekaru ina kwana a kan wadrob ɗin matata, ita kuwa kayanta na cikin kwali.

A wata warsha ta kafintoci a unguwar Dokki ta Alƙahira nake aiki, ina liƙa ishra, wato ɓawon katako mai kyau da ake yankowa siriri kamar takarda a rufe katakon banza da shi. Karatuna bai wuce aji biyu ba, amma in ka ba ni falle biyu na itace ɗaya, zan buɗe su kamar littafi, zanen dama ya gai da na hagu.

Wata rana aka kawo ɗaurin maɗaci. Ja ne mai duhu, jijiyoyinsa na kwance kamar rairayin gulbi bayan ruwa ya janye. Na shinshina, sai ga ni a ƙauyenmu. Na roƙi usta, maigidan warshar, ya bar mini fallayen da suka rage. Na kai su ɗakinmu a Hadayek el-Maadi, na shimfiɗa ƙarƙashin katifa, na ce wa matata, "Wadrob ɗinki ke nan. Matar jakada ma sai ta zo kallo."

To, maɗaci irin wannan ba a liƙa shi a kan kowane tarkace. Na jira katako nagari. Da ya samu, na jira ɗaki mai faɗi. Daga baya na ce sai mun koma gida, kada jirgi ya karce shi. Ita dai duk safiya ta durƙusa gaban kwali tana tonon zane.

Da kwamfuta ta shigo, wani injiniya daga Mohandessin ya ari falle ɗaya ya ɗauki hotonsa. Kafin shayina ya huce ya lulluɓe ɗaki guda da maɗacina a allon kwamfutar, har da wadrob mai ƙofa huɗu. Ya buga mini a takarda. Na kai mata ina washe baki: "Khalas, an gama. Saura ki zuba kaya."

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta liƙa ta a bango saman kwalin.

Ciwon ƙoda ya kama ta a shekarar da ta biyo. Da likita ya ce ma'alish, wato sai haƙuri, ƙanenta ya zo ya tafi da ita gida, can ta rasu. Bayan arba'in na ɗaga katifa. Zafin Alƙahira da nauyina sun gama da fallayen, ina taɓawa suna karyewa kamar busasshen ganye.

Ranar tafiyarta, tana ɗaure kwalin nan da igiya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ni fa ko na katakon banza ka yi mini, da na sa kayana."