Shafin da Tela Bai Cika Ba

Ni na sa masa abin nan a portabul, wayarsa ta hannu, shi ya sa har yau nake jin da hannuna a ciki.

Tela ne a kasuwar Wadata, baƙo kamar mu duka, shekara da shekaru yana ɗinka mini riguna. Kayensa, littafin da yake rubuta awo, ya sha ruwan sama ya lalace, na ce, “Maigida, kawo portabul ɗin. Na yi yawo, na ga abin da ya fi kaye.”

Wiki ake ce masa. Shafuka ne kawai, kowane da sunan da ka ga dama, in ka ja wa kalma layi, ka danna ta, sai ta kai ka wani shafi. Ba ya tambayarka komai. Ni da na gaji da cika takardu a kan iyakoki, suna, gari, wa za a kira in wani abu ya same ka, wannan ne ya burge ni. Na ce masa, “Ba ya yi maka tsari, kai ke yi masa.”

“Ashe ya fi ka hankali,” in ji shi.

Ya kuwa yanka shi yadda yake yanka yadi. Ba ya sa sunan kowa. Akwai shafin Mai Dogon Hannu, akwai na Hajiyar Unguwar Maourey Mai Sake Shawara. Ni ya sa mini Tumbi Na Ƙaruwa. Daga mutum ka faɗa shadda, daga shadda ka faɗa ranar biki.

Wata Talata da hantsi ya kife a kan kekensa. Kafin a kai shi likita ya cika.

Sai aka tsaya ana kallon juna. Wa za a faɗa wa? Mai shagon kusa ya ce mutumin gabas ne, wani ya ce a'a. Nimerorin da ke portabul ɗin duk na masu ɗinki ne, mun kira har mun gaji. Liman ya ce zafi ba zai bari a wuce la'asar ba.

Na buɗe wikin. Kalmar “gida” tana ko'ina, a jaye. “Ragowar yadin nan na gida ne.” “In an yi Sallah sai gida.” Na danna. Shafi ya buɗe fari fat. Abin yana barinka ka ja hanya zuwa shafin da ba ka rubuta ba tukuna, kuma ba zai taɓa tuna maka ba. Abin da na yaba ke nan.

Mu ƴan kasuwa muka sallace shi, ba ɗan uwa ko ɗaya. Wataƙila a wani gari har yanzu ana jiran ragowar yadi.

Portabul ɗin na wurina. Da muka dawo na buɗe shafin gida, na rubuta inda muka kwantar da shi.