Direban Tifar da Ya Tuna Inda Aka Binne Ƙasa

Kullum kafin rana ta yi zafi, Don Eudaldo Pertuz ya riga ya kurɓe baƙin kofinsa a tsaye, ya cusa dafaffen rogo da cuku a jaka, ya hau kekensa ya nufi tudun bayan gari. Tudun nan hannun mutum ne ya tara shi. Tarkacen mahaƙar kwal ne, kuma shi da kansa ya yi shekara ashirin da huɗu yana juye shi da tifa.

Da aka rufe mahaƙar shekara bakwai da suka wuce, gari ya yi tsit kamar gidan makoki. Wasu suka tafi birnin Valledupar neman aiki, wasu suka tare a gindin mangwaro suna buga domino. Shi kuwa ya bi masu aikin dashen itatuwa a kan tudun.

"Compadre, ka sauko daga motar da tayarta ta fi ɗakina tsawo, ka koma ban ruwa da gwangwani?" in ji amininsa Anselmo.

"Da ni aka ɓata, da ni za a gyara. Kai dai riƙe dominonka, shi ma kullum kashi kake sha."

Shekarar farko dashe dubu uku suka ƙone ƙurmus, don tudun ba komai sai tsakuwa. Injiniya Yuleidis Daza, shugabar aikin, ta faɗa musu gaskiya: in aka sake asara za a tsayar da aikin, mutum arba'in su koma gida. Ita ce ta ba da labarin yadda Don Eudaldo ya ja ta zuwa yammacin tudun, ya buga ƙafa a ƙasa.

"Injiniya, a haƙa nan. Baƙar ƙasar gonakin da aka kankare tun farko, nan muka jibge ta."

"Don Eudaldo, babu wannan a taswira."

"Taswira ba ta tuƙa tifa ba. Lodin farko ni na kawo, gonar surukina ce."

Kwana uku ana haƙa, dutse kawai ake fitarwa, har an fara yi masa kallon tsohon da ya ruɗe. Rana ta huɗu ƙasa ta fito baƙa wuluk, tana ƙamshin ruwan farko. Ya durƙusa ya damƙe ta. Ita aka kwaso aka baza a kan tudun, aka sake dashe.

Yau in itatuwan cañaguate suka yi fure, tudun rawaya yake komawa. Rafin da ya ƙafe ya fara tsattsafowa. Mata na shanya fararen kaya su kwashe su farare, ma'aikaciyar asibiti kuma ta ce yaran da ake kawo mata da sarƙewar numfashi sun ragu sosai. Anselmo ma yanzu baro yake turawa a can, yana rantsuwa shi ya kawo shawarar.

Don Eudaldo, kai ne ba ka raina kwal ɗin da ya ciyar da 'ya'yanka ba, ba ka kuma yi kukan barinsa a cikin ƙasa ba. Kai ne ka ce hayaƙin da ba a tayar ba, ribar kowa ce. Namijin duniya, mun gode.

Sauran garuruwan da ake shirin rufe musu mahaƙa, ku nemi irinsa a cikin tsofaffin ma'aikatanku, ku saurare su. Shi dai Asabar ɗin nan zai ajiye aiki. Da aka tambaye shi me zai yi, sai ya ɗaga kafaɗa.

"Zan zauna a inuwa mana. Yanzu ai akwai ta."